Tsoron Lamba: Daga Ina Camfin Ƙidaya Ya Samo Tushe?

Wanda ya shiga jirgin saman kamfanin Lufthansa na Jamus, ya bi layukan kujeru yana ƙirgawa, zai tarar daga 12 an tsallaka zuwa 14, daga 16 kuma an tsallaka zuwa 18. A dogayen benaye da yawa na Hong Kong babu hawa na 4, babu na 14, babu na 24. A birnin Kabul na Afganistan kuwa, motar da lambarta ta ƙunshi 39 tana wuyar sayarwa. Layin da aka rubuta wa 14 a jirgin nan shi ne dai na goma sha uku a jere. Wanda ya ƙera jirgin ya san haka, fasinja ma ya sani. Rubutun kawai aka kawar, kuma wannan ya ishi fasinja ya kwantar da hankalinsa.

A nan batun ya shafe mu, mu ɗaliban nazarin harshe. Idan muka ce “lamba”, abubuwa uku muke haɗawa a baki guda: adadin kansa, da kalmar da harshe ya raɗa masa, da alamar da ake rubuta shi da ita. Adadi ba ya sauyawa, awaki huɗu a Zabori su ne huɗu a birnin Sin. Kalma kuwa ta harshe ce: Bahaushe ya ce huɗu, Bazabarme ya ce itaaci, Bafaranshe ya ce quatre. Alama ta tsarin rubutu ce: 4 a boko, IV a rubutun Rumawa, harafin dal a hisabi. Idan aka bi sawun camfin lamba, galibi za a tarar a jikin kalma ya maƙale, ko a jikin alama, ko a jikin wani labari da aka rataya wa adadin daga baya.

Kamancin sauti

A Sinancin Mandarin, kalmar huɗu ita ce sì, kalmar mutuwa kuma sǐ. Baƙi ɗaya, wasali ɗaya, karin sauti ne kaɗai ya raba su: na farkon faɗau yake yi, na biyun ya sauka sannan ya tashi. Haka abin yake a harshen Kanton da ake yi a Hong Kong. Japanawa da Koriyawa sun aro lambobin Sinanci tun da daɗewa, kuma da yake ba su ɗauko karin sautin ba, sai kalmomin biyu suka zama abu guda a bakinsu: shi a Japananci, sa a Koriyanci. Japanawa sun nemi mafita a cikin harshensu, suka koma ga tsohuwar kalmarsu ta gado, yon, a wurare da yawa da ake buƙatar faɗin huɗu. Tara ma tana da furuci biyu a wurinsu, ku da kyū, kuma na farkon ya yi daidai da kalmar wahala. Takwas kuwa, bā, ta yi kusa da fā ta bunƙasar arziki, shi ya sa aka buɗe wasannin Olamfik na birnin Beijin ranar 8 ga watan 8 na shekarar 2008, da ƙarfe 8 na dare.

Ba sai an je gabas mai nisa ba. A Larabcin Maroko, tara ba tis’a ba ce a bakin mutane da yawa, tes’ud suke cewa, wato “za ka yi sa’a”. Bayanin da masana suka bayar shi ne tis’a ta yi kama da aikatau mai nufin “za ka yi bara”, sai aka karkatar da kalmar zuwa fatan alheri. Wannan sakayawa ce irin wadda muke karantawa a darasin ilimin ma’ana, kamar yadda muke cewa “juna biyu” maimakon ciki, ko “ya riga mu gidan gaskiya” maimakon ya mutu. Bambancin kawai shi ne a nan sakayawar ta shiga har cikin jerin ƙidaya ta zauna.

To, Hausa fa? Muna da tara ta ƙidaya, da tara ta tattarawa, da tara wadda alƙali ke ci. A rubutunmu na yau da kullum, inda ba ma nuna tsayin wasali ko karin sauti, duk ukun kamanninsu ɗaya. Da kamancin sauti kaɗai ke haifar da camfi, da Bahaushe ya guji tara don tsoron cin tara, ko ya ƙaunace ta don son tara dukiya. Bai yi ko ɗaya ba. Wani zai ce ai tsayin wasali da karin sauti sun raba kalmomin a kunnensa. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin sì da sǐ ma karin sauti ya raba su, bai kuwa hana Basine tsoro ba. Kamancin sauti ƙofa ce kawai yake buɗewa, sai al’umma ta ga dama take shiga. Mu da muke sa wa ƴaƴanmu Sani da Salisu da Rabi’u da Hamisu har zuwa Tasi’u da Ashiru, wato na biyu da na uku da na huɗu har na goma, a fili yake ba mu shiga wannan ƙofa ba. Rabi’u “na huɗu” ne sak, kuma babu uwar da ta taɓa jin ɗar don an raɗa wa ɗanta wannan suna.

An taɓa ƙoƙarin auna ko tsoron huɗu yana kisa da gaske. A shekarar 2001, David Phillips da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar likitocin Birtaniya, inda suka duba takardun mutuwa na Amurka daga 1973 zuwa 1998, suka ce mutuwar ciwon zuciya tana ƙaruwa a ranar 4 ga wata a tsakanin Amurkawa ƴan asalin Sin da Japan. Wasu masu bincike a Hong Kong sun gwada da nasu alƙaluman, ba su sami haka ba.

Abin da rubutu ya haifar

Italiyawa 17 suke ƙi, kuma bayanin da aka fi bayarwa na rubutu ne. A alƙaluman Rumawa 17 ita ce XVII. Idan aka jujjuya haruffan za a sami VIXI, wadda a Latin take nufin “na rayu”, wato rayuwar ta wuce, irin kalmar da ake sassaƙawa a kan kabari. Kamfanin Renault da ya ƙera mota mai suna R17, da zai kai ta kasuwar Italiya sai ya mai da ita R177.

Lamba 666 ta Littafin Ru’uya ta Yohanna ta fi wannan ban sha’awa. A Ibrananci da Girkanci, kamar a Larabci, kowane harafi yana da adadi. Masana da yawa sun nuna cewa idan aka rubuta sunan Sarkin Rum Nero da laƙabinsa na Kaisar da haruffan Ibrananci bisa furucin Girkanci, Neron, jimillar 666 ce. Idan aka bi furucin Latin, aka yar da harafin nun na ƙarshe mai adadin 50, sai ta koma 616. Kuma lalle akwai tsofaffin kofe na littafin, har da wani guntun takarda da aka tono a Masar, masu ɗauke da 616. Baƙi ɗaya a ƙarshen suna ya raba lambar da miliyoyin mutane ke tsoro da wadda ba mai kula ta. A 2003 sai da hukumomin Amurka suka sauya wa wata babbar hanya lamba daga 666 zuwa 491.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne hisabi. Da shi marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin ramzi, da shi kuma wasu malamai ke buga sunan saurayi da na budurwa su ce taurarinsu sun haɗu ko ba su haɗu ba. Ƙasar Hausa ta fitar da gwani a wannan fage, Muhammadu ibn Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi kan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatiminsa lissafi ne na gaske: a jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla ɗaya, kamar 15 a hatimi mai gida tara.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai dogaro da hisabi ya sani. Jerin abajada iri biyu ne, na gabas da na magariba, kuma na magariba ne ya yaɗu a Afirka ta Yamma. Haruffa shida ne adadinsu ya saɓa. Sin 60 ce a gabas, 300 ce a magariba. Sad 90 ce a gabas, 60 a magariba. Shin 300 a can, 1000 a nan. Musulmin Indiya da Pakistan suna rubuta 786 a madadin Bisimilla, domin jimillar haruffanta ke nan a lissafin gabas. A lissafin magariba, saboda sin ɗin nan guda, jimillar 1026 ce. Saboda haka duk mai sin ko sad ko shin a sunansa, Salamatu ce ko A’ishatu, adadin sunansa ya danganta da jerin da mai bugun ya koya. Ana iya samun auren da lissafin Alƙahira ya yarda da shi, lissafin Fas ya hana.

Sha uku da Juma’a

Labarin 13 an fi saninsa, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Turawa sun danganta shi da jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa goma sha biyu, kuma camfin farko shi ne kada mutum goma sha uku su zauna cin abinci a teburi ɗaya. Haɗa shi da ranar Juma’a sabon abu ne, bai yi ƙarfi ba sai ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kuma littafin ƙagaggen labari da Thomas Lawson ya fitar a 1907 ya taimaka wajen yaɗa shi. An sha cewa asalinsa kama mayaƙan Tamfila da Sarkin Faransa Filib na Huɗu ya yi ranar Juma’a 13 ga Oktoba 1307. Kamen ya faru a wannan rana, amma danganta shi da camfin aikin marubutan baya-bayan nan ne. A Sifen da Girka ma Talata 13 ake ƙi, ba Juma’a ba.

A wurinmu Juma’a babbar rana ce, don haka ɗalibin da ya dawo daga Yamai yana cewa “vendredi treize” da fargaba, aron tsoro ya yi ba tare da tushensa ba, kamar mai aron kalma bai san ma’anarta ba. Lambar da ta sami baƙin suna a maƙwabtanmu ta hanyar labari ita ce 419, sashen dokar laifuffuka ta Nijeriya da ya shafi damfara. Yau daga Kamba har Malanbil, idan aka ce wane ɗan 419 ne, ba mai tambayar wace doka ake nufi. Lamba ta zama kalma.

Namu na gida

Rashin tsoron 13 ko 4 ba ya nufin Bahaushe ba ya camfa ƙidaya. Nasa ya bi wata hanya ce dabam.

Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas ya buga wata maƙala a 1968 kan matsayin huɗu da uku da bakwai a tunanin Hausawan kwarin Maraɗi. Ya nuna uku ta namiji ce, huɗu ta mace, bakwai kuma haɗuwarsu. An rubuta irin wannan game da Zabarmawa da Bambara da Dogon, abin da ke nuna tsarin ya girmi iyakokin harsunan. A irin wannan tunani babu lamba mai shu’umci a kan kanta, kuskuren shi ne a ba namiji abin da ke na mace, ko a ba mace na namiji. A cikin salon magana kuma muna da “na shiga uku” da “ya yi biyu babu” a gefe guda, da “goma ta arziki” da “sha tara ta arziki” a ɗaya gefen, ga kuma karin maganar da ke cewa mutum tara yake bai cika goma ba. Amma mai cewa ya shiga uku ba ya ƙin karɓar goro uku. Ma’anar ta tsaya a cikin salon maganar, ba ta fito ta kama adadin ba.

Inda ta fito shi ne a ranaku. Sunayen ranakunmu lambobi ne da muka aro daga Larabci muka manta lambobi ne: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Bahaushe ba ya jin “huɗu” a cikin Laraba, kamar yadda ba ya jin harafin al- na Larabci da ya narke a farkon kalmar. Duk da haka Laraba ce ranar da aka fi camfawa, musamman Larabgana, Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda ake cewa bala’o’i na sauka a cikinta, har wasu su fasa tafiya, wasu su nemi rubutun sha. Wannan camfi tare da littattafai ya shigo. Wasu masu tafsiri sun ce ranar nahisar da aka halaka Adawa da iska Laraba ce, kuma ƙin watan Safar tsohuwar al’adar Larabawa ce tun kafin Musulunci. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Abu Huraira wanda ya kore shu’umcin Safar da camfi da tsuntsaye. Ga shi dai ana yin Larabgana daga nan har Indonesiya. Mu kuma, da Larai da Balarabe a kowane gida, da karin maganar Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ba mu taɓa tsayawa kan ra’ayi ɗaya game da wannan rana ba.

Sai kuma ƙidayar kanta. A ƙauyukanmu na Zabori da kewaye, tambayar mace ƴaƴanta nawa tambaya ce mai nauyi. Sau da yawa amsar ita ce “Alhamdu lillahi” ko “suna nan”, ko ta faɗi adadin ta rage. Kunyar ɗan fari tana ciki, tsoron kambun baka yana ciki: abin da baki ya ƙidaya, baki na iya kama shi. Bafulatani ma ba ya faɗin yawan shanunsa, ko da yake ya san kowace saniya da sunanta da launinta. A nan babu wata lamba da aka ware, kowace lamba tana da haɗari muddin ta fito daga baki a kan abin da ake so. Claudia Zaslavsky ta tattara misalan wannan daga sassan Afirka da dama a littafinta na 1973 kan ƙidaya, kuma Tsohon Alkawari ma ya kawo labarin annobar da ta biyo bayan ƙidayar jama’a a zamanin Annabi Dawuda. A ganina, ba daidai ba ne a jingina abin ga camfi kaɗai. Kakanninmu sun ga zamanin da mai ƙirga kawuna shi ne mai karɓar haraji da jangali da ɗibar mutane aikin tilas. Wanda ya ɓoye adadi a lokacin hankali ya yi. Nijar ta yi ƙidayar jama’a a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, kuma duk ma’aikacin da ya shiga gida da takarda da alƙalami yana tambayar “ku nawa ne”, da wannan tarihi yake cin karo. Yadda aka fassara tambayar zuwa Hausa ko Zabarmanci ko Dendi, da wanda aka tura ya yi ta, suna iya sauya amsar. Wannan aiki ne na masu nazarin harshe, ba na masu lissafi kaɗai ba.

Camfin da ya fi damuna shi ne na wata takwas. Ana cewa bakwaini yana rayuwa, amma jaririn da aka haifa a wata na takwas ba ya yi. Da yawa suna ɗauka hikimar tsofaffinmu ce, alhali a rubuce take a littattafan likitancin Girka da ake dangantawa da Hippocrates, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, daga nan ta shiga likitancin Larabawa. Masu ilimin taurari sun ƙara mata bayani: kowane wata na ciki yana ƙarƙashin tauraro guda cikin bakwai, an fara da Zuhal an ƙare da Wata a na bakwai, sai zagayen ya komo kan Zuhal a na takwas, shi kuwa tauraron nahisa ne a wurinsu. Likitancin yau ya tabbatar da akasin haka: duk makon da jariri ya ƙara a ciki, huhunsa na ƙara ƙwari, damar rayuwarsa na ƙaruwa. Ɗan wata takwas ya fi bakwaini dama nesa. Abin da ya raya camfin shi ne ba ya karɓar ƙaryatawa. Idan ɗan wata takwas ya rasu, a ce ai dama an faɗa. Idan ya rayu, a ce uwar ce ta ɓata lissafi, bakwai ne ko tara. Haɗarin kuma a bayyane yake: jaririn da aka yanke wa ƙauna ba a gaggawar kai shi asibiti, ba a dage wa ɗumama shi a ƙirjin uwa da ba shi nono, alhali waɗannan ne yake buƙata.

A bakin iyaka

Kasuwar Gaya wuri ne mai kyau na gwada duk abin da ya gabata. Kuɗin sefa a Hausa da Zabarmanci da dala ake ƙirga su, dala ɗaya kuwa faran biyar ce. Abin da aka rubuta wa 100, Bahaushe ya ce ashirin, Bazabarme ya ce waranka. Takardar 1000 jika ce. Idan mai tumatir ta ce “goma sha uku”, a Faransanci 65 ke nan. Idan aka tsallaka Kamba, naira ake ƙirgawa kai tsaye, amma tsofaffi har yanzu suna kiran naira 200 jaka, gadon zamanin fam. Mai tsoron 13 a wannan kasuwa sai ya fara yanke shawarar da wane harshe zai ji tsoron.

Wayar salula ta kawo sabon salo. A watan Yulin 2004 jita-jita ta bazu a Nijeriya cewa akwai wasu lambobin waya da duk wanda ya amsa kiransu zai faɗi ya mutu. Ta tsallaka ƙasashe da dama, har masanin halayyar al’umma Julien Bonhomme ya yi nazari a kanta. Ta sake dawowa a Satumban 2011 da lamba 09141, sai da hukumar sadarwa ta Nijeriya ta fito ta ƙaryata. Waɗannan lambobi ba su yi kama da wata kalma ba, ba su da tsohon labari, kuma suna sauyawa daga gari zuwa gari. Abin da ya haɗa su shi ne baƙo ne ke kira, ba a ganin fuskarsa, ba a san danginsa ba. Gargaɗin kuma ta wayar yake yawo, daga ɗan’uwa zuwa ɗan’uwa, kowa na tura wa wanda yake ƙauna jerin lambobin da kada ya ɗauka.